Ranar Zuba Taki: Yadda Ƙasar Yauri Ta Tashi Daga Lissafin Kogi Zuwa Lissafin Buhu

A tsakiyar shekarar 1830 wasu Turawan Ingila biyu, Richard Lander da ƙanensa John, suka sauka a Birnin Yauri suna cigiyar takardun Mungo Park, wanda ya halaka a ruwan Busa a 1806. Ba su samu takardun ba, amma sun rubuta abin da suka gani a makonnin da suka yi a garin: ƙasa ce mai noman albasa da alkama da baba da taba, ga kuma shinkafa mai ɗimbin yawa wadda suka yaba da kyanta. Wannan ya faru ne shekaru 83 kafin a buɗe masana'antar Oppau a Jamus a 1913, inda aka fara ɗebo naitrojin daga iska bisa hanyar Fritz Haber da Carl Bosch, hanyar da duk buhun yuriya da ke kasuwar Yelwa a yau ya samo asali daga gare ta.

Shinkafar da su Lander suka gani ita ma naitrojin ta ci, kamar kowane hatsi, domin da shi tsiro ke gina ganye da ƙwaya. Tana samunsa daga kogi, da ruwan farko na damina, da kashin shanu, kuma kowannensu yana da lokacin zuwansa wanda ba manomi ne ya sa masa ba. Tarihin taki a Yauri da Ngaski da Shanga labari ne na yadda zaɓen wannan lokaci ya bar hannun kogi ya koma hannun manomi, da hannun waɗanda ke kawo masa buhu.

Lissafin kogi

Kogin Neja, wanda ake kira Kwara, yana cika sau biyu a shekara a wannan yanki. Cikar farko, wadda masana ruwa ke kira farar ambaliya, ruwan saman ƙasashen kusa ne ke kawo ta daga watan Agusta zuwa Oktoba, ta Gulbin Sakkwato da sauran rafuka, kuma ruwanta gurɓatacce ne saboda laka da yumɓun da ya kwaso. Ta biyu, baƙar ambaliya, daga tsaunukan Gini take tasowa, ta shafe watanni tana ratsa fadamun tsakiyar Mali inda take sauke lakarta, sa'an nan ta iso da hunturu, ruwanta garau. Gungawa, mazauna tsibiran kogin, sun gina rayuwarsu a kan wannan hawa da sauka. Da rani suna noman albasa a gaɓar ruwa suna ban ruwa da ƙwarya, a fadama kuma ana shuka shinkafar gargajiya mai dogon kara, wadda ke miƙewa tare da ruwa yayin da yake hauhawa.

Abin da ke ciyar da waɗannan gonaki ba laka kaɗai ba ce. Ciyawar burgu da sauran tsirran ruwa suna mutuwa su ruɓe a inda ruwa ya janye, shanun Fulani kuma suna gangarowa da rani su yi kiwo su bar kashinsu. Irin wannan taki a hankali yake sakin abin da ke cikinsa, gwargwadon yadda yake ruɓewa, don haka tsiro yana samun rabonsa kaɗan-kaɗan tsawon rayuwarsa.

A tudu, inda Kambari da Dukkawa da Hausawa ke noman dawa da gero, lissafin na ruwan sama ne. Idan ƙasa ta bushe watanni shida sa'an nan ruwan farko ya jiƙa ta, ƙananan halittun da ke cikinta suna farfaɗowa su auka wa ragowar ganye da saiwa, sai naitrojin ya fito da yawa cikin 'yan makonni. Wani masani mai suna H. F. Birch ne ya bayyana wannan a 1958 daga aikinsa a Gabashin Afirka, daga baya Alan Wild ya auna shi a gonakin Samaru ta Zariya ya wallafa sakamakon a 1972. Manoma sun riga su saninsa a aikace. Gaggawar da ake yi a shuka gero da ruwan farko, har wasu su yi binne tun ƙasa na bushe, tsere ne domin cin wannan rabo na kyauta. Wanda ya makara zai tarar ciyawa ta cinye wani kashi, ruwa kuma ya gangarar da sauran ƙasa da inda saiwar ƙaramin tsiro ke kaiwa.

Shekarar 1968

An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka toshe kogin a 1968. Tafkin da ya taru ya kai tsawon kimanin kilomita 130, kansa na arewa ya iso har Yelwa. An tashi mutane kimanin 44,000 daga garuruwa da ƙauyukansu, tsohuwar Busa ta nutse, yawancin gungayen da ake noman albasa a kansu suka shige ƙarƙashin ruwa. Da yawa daga cikin waɗanda aka tasa an zaunar da su a tudu, a ƙasa mai rairayi da tsakuwa wadda kogi ba ya ziyarta, kuma gwanintarsu ta noman gaɓa ba ta da amfani sosai a kanta.

Tafkin ya zo da nasa lissafin, wanda buƙatar wutar lantarki ke tafiyarwa. Yana cika da farar ambaliya, baƙar ambaliya ta riƙe shi a cike har ƙarshen hunturu, daga nan ya dinga janyewa har zuwa wajen watan Agusta, tsayin ruwan ya ragu da kusan mita goma. Wannan janyewa tana buɗe fili mai faɗi a gaɓar Ngaski da Yauri, ƙasa mai danshi wadda burgu ya mamaye, manoma da makiyaya kuma suka bi ta. Sai dai aro ce: abin da aka shuka a can dole a girbe shi kafin ruwa ya dawo ya karɓi wurinsa. Tun daga lokacin, kowane mako da amfanin gona ya ƙara kafin ya nuna ya zama abin tsoro ga manomin bakin tafki, kuma wannan yana da alaƙa da taki kamar yadda za a gani.

Zuwan buhu

Tashar binciken aikin gona ta Samaru, wadda aka kafa a 1922, ta daɗe tana gwajin takin zamani, amma wanda aka fara yaɗawa a Arewa a shekarun 1950 supa ne domin gyaɗa, abin da ake fitarwa waje. Hatsin ci bai samu kulawa sosai ba sai a shekarun 1970. A tsakiyarsu aka buɗe ayyukan raya karkara na Bankin Duniya a Funtuwa da Gusau da Gombe. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, ta tattara saye da rabon taki a hannun gwamnatin tarayya, tana ɗauke wa manomi fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗinsa. Shirin juyin noma na Shugaba Shehu Shagari ya biyo baya a 1980, a 1982 kuma aikin raya karkara ya game tsohuwar Jihar Sakkwato baki ɗaya, wadda Yauri ke cikinta har zuwa ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991. A ƙarshen shekarun 1980 masana'antar NAFCON da ke Onne ta fara sarrafa yuriya a cikin gida.

Tare da buhu aka samu sabbin iri. Farar masara TZB ta cibiyar IITA da ke Ibadan ta bazu a Arewa, masara kuwa ta fi dawa da gero cin naitrojin nesa ba kusa ba. Daga cibiyar binciken hatsi ta Badeggi aka fitar da jerin shinkafar FARO, ciki har da FARO 44 da manoma ke kira sipi, gajeruwa mai nuna cikin wata huɗu ko ƙasa da haka, wadda ba ta nuna bajintarta sai an ciyar da ita. Manomin da aka tasa daga gungu zuwa tudu ya samu abin da zai maye masa gurbin kogi, kalmomin kamfa da yuriya da supa suka shiga bakin kowa.

Amma akwai bambanci babba tsakanin buhu da abin da ya gada. Takin gida yana jiran tsiro, yuriya kuwa ba ta jira. Da ta taɓa danshi take narkewa gaba ɗaya, kuma daga ranar nan ko dai saiwa ta ɗauke ta, ko iska da ruwa su ɗauke.

Inda rabin buhu ke tafiya

Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitrojin. Buhun kamfa 15:15:15 yana da kilo bakwai da rabi, na 20:10:10 kuma kilo goma. A 1999 wasu masana biyu na Amurka, William Raun da Gordon Johnson, suka ƙiyasta cewa daga duk naitrojin da ake zuba wa hatsi a duniya, abin da ke komowa cikin ƙwayar da aka girbe bai wuce kashi 33 cikin ɗari ba. A wannan ma'auni, daga kilo 23 na buhu guda, abin da zai shiga rumbu bai kai kilo takwas ba. Wani kashi yana saura a kara da ƙasa, wani kuma ya salwanta ta hanyoyi uku.

Ta farko iska ce. Yuriyar da aka watsa a saman ƙasa ba a rufe ba, cikin 'yan kwanaki take juyewa, wani kashi nata ya tashi sama a matsayin iskar amoniya, kuma zafi yana ƙara saurin abin. A gonar shinkafa mai ruwa kwance asarar ta fi muni, domin gansakukar da ke cikin ruwan tana canza yanayinsa da rana ta yadda amoniya ke samun sauƙin tserewa. Ta biyu ruwa ne: a ƙasa mai rairayi, naitrojin da ya narke yana bin ruwa ya nutse ƙasa da saiwa, musamman a watan Agusta lokacin marka, wanda shi ne mafi ruwa a ƙasar Yauri. Ta uku tana faruwa a ƙasar da ruwa ya sha kanta, inda wasu ƙananan halittu ke mayar da naitrojin iska, ya koma inda masana'anta ta ɗebo shi. Dukkan ukun suna ƙaruwa ne gwargwadon kwanakin da taki ya yi a ƙasa yana jiran tsiron da bai shirya cinsa ba.

Shi kuwa tsiro cinsa ba ɗaya ba ne a kowane mako. Masara a makonni ukun farko kaɗan take ɗauka, domin saiwarta ba ta yi nisa ba. Daga lokacin da ta kai gwiwa har zuwa fitar da tuta ne take ɗibar mafi yawan abin da za ta ci a rayuwarta, kuma a tsakanin nan ake yanke girman goyon da za ta yi. Shi ya sa shawarar da ta fito daga Samaru, wadda malaman gona suka daɗe suna maimaitawa, ita ce a raba takin biyu: kamfa a lokacin shuka ko cikin mako biyu da tsirowa, yuriya kuma a mako na huɗu zuwa na shida, a tona gefen tsiro a zuba a rufe, ko a zuba gab da huɗa domin ƙasa ta binne ta. Dawa ma haka take, ita kuma tana da ƙarin dalili, domin wuta-wuta ta fi cin ƙarfinta a gonar da naitrojin ya yi ƙaranci.

Shinkafa tana da lokuta biyu na yunwa. Na farko shi ne lokacin da take fitar da 'ya'ya, mako biyu zuwa uku bayan dashe, wanda ke ƙayyade yawan zangarniyar da kowane gindi zai yi. Na biyu shi ne lokacin da zangarniya ke fara halitta a cikin kara, tun kafin ido ya ga cikin, kimanin wata biyu kafin girbi, wanda ke ƙayyade yawan ƙwayar da ke kan kowace zangarniya. Takin da aka zuba bayan ta fitar da kai ba ya ƙara ƙwaya ko ɗaya. Idan ya yi yawa sai ya sa ganye ya yi duhu, kara ya yi laushi ta kwanta, cuta ta samu ƙofa, nuna kuma ya yi jinkiri. A gonar da ke nesa da ruwa wannan asarar kuɗi ce kawai. A bakin tafkin Kainji, inda ruwa ke dawowa a ƙarshen damina, jinkirin kwana goma yana iya zama bambanci tsakanin yankan shinkafa da lauje a tsaye da tsamo ta daga cikin kwalekwale.

Kalandar gwamnati

Idan haka lamarin yake, darajar buhu tana rataye ne da ranar da ya iso. A nan ne tarihin rabon taki a Najeriya ya fi rauni. Tun daga 1976, nazarce-nazarcen da aka yi kan tsarin sun yi ta nanata koke iri ɗaya: takin gwamnati yana isa ga manomi a makare. Sai an amince da kasafin kuɗi, a ba da kwangila, jirgi ya sauke a tashar ruwa, a loda motoci zuwa hedikwatar jiha, a jira bikin ƙaddamar da sayarwa, sa'an nan a rarraba zuwa ƙananan hukumomi da mazaɓu. Kowane mataki yana cin makonni, damina kuwa ba ta tsayawa. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma shekara da shekaru ana ƙaddamar da sayar da taki bayan an gama noman farko. Manomin da ya samu kamfa masararsa ta riga ta kai ƙugu zai zuba shi duk da haka, tunda ya biya, sai a rubuta a takarda cewa an raba tan kaza.

An yi ta sauya tsarin. Gwamnatin Janar Abacha ta janye tallafin a 1997, amfani da taki ya faɗi warwas, aka dawo da shi a kashi 25 cikin ɗari a 1999, shekarar da NAFCON ta daina aiki. A watan Yunin 2006 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka ɗauki alkawarin ɗaga yawan takin da ake zubawa daga kimanin kilo takwas zuwa kilo 50 a kowace hekta kafin 2015. Alkawarin na yawa ne, kuma da yawa aka ci gaba da auna nasara. A 2012 ministan gona Akinwumi Adesina ya kawo shirin GES, inda manomi ke samun saƙo ta wayar salula ya je ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi. Shirin ya rage 'yan tsakiya, amma a wurare da dama saƙon ko kayan sun iso bayan an yi shuka.

A ranar 17 ga Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers na Babban Bankin Najeriya a Jihar Kebbi, da manoman shinkafa da alkama. Jihar ta zama abin misali, har aka fitar da shinkafar Lake Rice tare da Jihar Legas a ƙarshen 2016. A wannan shiri taki bashi ne da za a biya da amfanin gona, don haka makararsa ta ƙara nauyi: manomi ya ci bashin buhu cikakke, gonarsa ta amfana da wani ɓangare kawai, ranar biya kuma ba a rage masa komai.

Abin da ya rage a hannun manomi

Noman rani ya sauƙaƙa wani ɓangare na matsalar. Tun daga shirin Fadama na shekarun 1990, injin ban ruwa da rijiyar burtsatse suka bazu a fadamun Kebbi, har Shanga da Yauri. Mai injin yana da iko da ruwansa: zai iya rage shi kafin ya zuba yuriya, ya bar ta ta shiga laka, ya mayar da ruwa bayan kwana ɗaya ko biyu, babu marka da za ta wanke masa. Wannan na cikin dalilan da suka sa shinkafar rani ke fin ta damina auki, ban da yalwar hasken rana. Ambaliyar 2012 da ta 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a Kebbi, ta ƙara tura mutane zuwa rani.

Akwai kuma dabarun da aka ƙirƙiro domin rage dogaro da dacen rana. A Bangaladash aka yaɗa dunƙulen yuriya, wanda ake cusawa cikin laka zurfin kamar tsawon yatsa a tsakiyar gindi huɗu, kimanin mako guda bayan dashe, sau ɗaya tak. Da yake a binne yake, iska da ruwa ba sa kai masa, sai ya dinga saki a hankali. Cibiyar IFDC ta kawo shi Najeriya, amma wahalar cusawa da hannu da ƙarancin dunƙulen a kasuwa sun rage masa gudu. A saman kogin, a tashar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, an gwada zuba abin da bai wuce cikin murfin kwalba ba a ramin shukar gero, aka ga ƙaramin taki a daidai wuri da lokaci yana yin aikin da ya fi girmansa. Dukkansu ƙoƙari ne na sa buhu ya yi halin burgu da kashin shanu, wato ya jira tsiro.

Yanzu Najeriya tana sarrafa yuriya fiye da abin da manomanta ke saye. Notore ta farfaɗo da masana'antar Onne, Indorama ta fara aiki a 2016, ta Dangote da ke Legas kuma aka buɗe ta a watan Maris na 2022 da ƙarfin tan miliyan uku a shekara, har ana fitarwa waje. Ƙarancin da ya addabi shekarun baya ya ragu, tsada ta maye gurbinsa. Buhun kamfa da shirin shugaban ƙasa ya sa wa farashin naira 5,500 a 2017 ya zama tarihi, a 2024 buhun yuriya ya haura naira 30,000, ga kuɗin man injin da ya ninka bayan cire tallafin fetur a 2023. Lokacin da gwamnati ke biyan kashi uku cikin huɗu na kuɗin buhu, manomi yana iya watsa shi a saman ƙasa da tsakar rana bai ji zafin abin da ya tashi ba. Yau mafi yawan kuɗin buhun daga aljihunsa yake fitowa.

Manomin Wara ko Shanga ba shi da iko da farashin gas a Onne, ko da ranar da injiniyoyin Kainji za su riƙe ruwa. Abin da ke hannunsa shi ne ya rubuta ranar shuka ko dashe, ya tanadi buhunsa tun da kaka lokacin da yake da kuɗin amfanin gona, ya raba shi kashi biyu ko uku, ya cire ciyawa kafin ya zuba, ya zuba a ƙasa mai danshi ya rufe, kada ya zuba hadari na haɗowa. Ga hukumomin da ke rabon taki kuwa, adadin tan da aka sauke a Birnin Kebbi ba ya faɗin abin da gona ta samu. Abin da zai faɗa shi ne ko buhun ya isa Yelwa da Wara da Shanga kafin ruwan shuka na watan Mayu da Yuni, ko kuwa sai da masara ta fitar da tuta.